Daren Laraba a Mandawari

Bayan isha'i, in an yi sa'ar wuta,
Baba yakan ce, "Asabe, kunna mana mutumin."
Bakinsa bai taɓa iya sunan ba,
Ɗan Ɗingishi yake ce masa:
dogon Bature, ƙafa ɗaya ta gaza 'yar'uwarta,
rigar sanyinsa ta girme ni.

In babu wuta, in ja igiyar janareta,
ya yi tari uku irin na Baba, sannan ya kama.

Kiɗan farko na tashi, ya tura hula ƙeya,
ya jawo shayinsa, ba madara, citta ta ji.
Wani ƙauye ne can, kore shar,
ruwan sama ba ya gajiya da su.
Mutanen ba su kai na layinmu yawa ba,
amma duk mako sai an tsinci gawa,
yau a gindin matakala, gobe cikin furanni.
"Da ni ne mai unguwar nan," in ji Baba,
"da tuni na ajiye rawani."

Shekara talatin da ɗaya yana magatakardan kotu,
ya san yadda ƙarya ke haɗiye yawu.
"Ba direban ba ne, rabu da shi.
Dubi matar likita,
ta fara kuka tun ba a gaya mata ba."

Sau shida ke nan muna kallon wannan.
Ban faɗa masa ba.
Mantuwa ta shiga kansa kamar gara a azara,
ba ƙara, sai dai gari a ƙasa.
Kowane kallo na fari ne a wurinsa,
kuma kullum shi ke riga Baturen isa.

Na daɗe ina tuhumar kaina:
me ke sanyaya rai a labarin kisan kai?
Mu da ko yankan kaza sai mun kira yaron maƙwabta.

Amsar tana rataye a bango, cikin firam.
Nafi'u.
Da magariba ne, wajen Ƙofar Ɗan Agundi,
a kan waya,
wayar da fuskarta ma a tsage take.
An rubuta a takarda, an ce mu dawo Litinin.
Litinin ta zo. Ta sake zuwa.
Shekara huɗu ke nan tana zuwa hannu rabbana.
Ba wanda ya durƙusa ya duba sawu,
ba wanda ya tambayi mai faci abin da ya gani.

Amma a cikin akwatin nan mamaci ɗan gata ne.
Ana tambayar ƙarfe nawa,
wa ya rufe taga ta ciki,
me ya kawo kofi biyu ɗakin gwauro.
Wani yana hana idonsa barci saboda shi,
yana ɗingisawa gida gida, yana sallama,
har ya ba mai laifi kujera kafin ya ɗaure shi da maganarsa.
Kafin awa ta cika an tara kowa a falo,
an kira gaskiya da sunan yanka,
ta amsa.

"Ban gaya miki ba?" Baba ya tafa cinya,
dariyarsa ta dā ta leƙo, mai wushirya.
Sunaye suna hawa sama, farare, ba mai karanta su.
Can titi wani adaidaita yana ta hon,
mai tsire ya fara kwashe wuta.

Na ɗauke kofi. Na naɗe waya.
A bakin ɗakinsa ya tsaya, hannu a bango:
"Nafi'u ya shigo kuwa? Kar a kulle shi a waje."

Na ce, "Kwanta, Baba.
Ni zan ji da ƙofa."